Baffa Ilu da Kujerar Bayan Direba

Duk wanda ya taɓa tafiya da Baffa Ilu ya san ba ya hawa bas sai ya zagaye ta yana ƙwanƙwasa tayoyi da sandarsa, sannan ya gaida direba yana leƙa ƙwayar idonsa kamar likita. Ƙanen mahaifina ne, injiniya mai ritaya a unguwar Whalley Range, nan ƙasar Turawa, amma a tasha sai ka rantse motar tasa ce. Kunya kam mun sha ta!

Wani direba Bature ya taɓa nuna masa rubutun da ya hana yi wa direba magana. Baffa ya karanta tsaf, ya ce ai ba a hana tari ba. Haka ya yi ta gyaran murya a bayan mutumin har Birmingham.

Bel ɗin kujera kuwa, ba ya zama sai ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya ya ga kowa ya ɗaura. Anti Rabi ta ce zai yamutsa mata leshi. Ya ce, "Leshi ana goge shi, Rabi. Ke wa zai goge ki?" Ta ɗaura tana ƙunƙuni.

Ranar ɗaurin aurena abin ya daina ba ni dariya. Mun ɗauki shatar bas daga unguwarmu Ardwick zuwa Small Heath ta Birmingham, dangi maƙil, za a ɗaura bayan sallar Juma'a, ga shi mun makara. Baffa ne wakilina. Ya dubi direban ya ce idon nan bai yi barci ba. Na roƙe shi ya rufa mini asiri mu tafi. Ya hau ya zauna bayan direba, ya miƙa masa goro, mutumin ya ƙi karɓa.

Muna tsakiyar babbar hanyar M6, ana tsuga ruwa, na ji tayar ta hau layin gefe, garrr. Motar ta dawo. Can sai ta karkata wajen wata tirela, har ina iya karanta rubutun jikinta. A madubi na ga kan direba yana sunkuyawa. Baffa ya buga sanda a ƙasa, ya daka masa tsawa ya tsaya a services na gaba, wurin hutawar matafiya.

Jama'a suka ce za mu rasa Juma'a. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ce ai saura kaɗan mu isa.

Baffa ya ce, "To ku tafi. Ni a services zan sauka, in ga wanda zai karɓar maka auren."

Aka tsaya. Direba ya amsa cewa kwana ya yi yana tuƙi. Muka zauna har aka turo wani. Sai bayan la'asar aka ɗaura, surukaina fuska a murtuke.

A ƙofar masallaci na tambayi Baffa inda ya koyi karanta ido. Ya ce a hanyar Zariya, a motar da ta ci matarsa ta fari, Hauwa, wadda ban taɓa gani ba.

"Ni ne a kujerar gaba," ya ce. "Aikina in yi wa direba hira. Sai na yi barci."

Bara Baffa ya rasu a kan gadonsa. Allah ya jiƙansa, ya ba shi barcin da ya hana kansa a hanya, ya sada shi da Hauwa a Aljanna.