Na Ce Ya Wanke Shi

Kwamfutar cinyar da yayana ya aiko mini daga Legas gwanjo ce, mai ruwan toka, nauyi kamar dutsen niƙa, kuma batirinta ya mutu tun kafin ta zo hannuna. Amma a lokacin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, duk ɗakin malamai na makarantarmu a Kafanchan ni kaɗai ke da irinta. In na buɗe ta sai a kewaye ni, ni kuwa in dinga kame fuska, alhali raina fes.

Ba don aikin makaranta nake ji da ita ba. Babana tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma a danginmu shi ne ya rage da ya san tsofaffin kalmomin yarenmu na Tyap: sunayen tsuntsaye, sunayen kowane irin dawa, waƙoƙin gayya da na sussukar acca. Shekara uku, kowace Asabar, ina zuwa gidansa a bayan tashar jirgi, in jona kwamfutar a bango, yana faɗa ina bugawa. Ko layi ɗaya ban rubuta a takarda ba, don a ganina na wuce wannan zamanin. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi da damina, ya tafi da hannunsa na dama da harshensa. Daga ranar, duk abin da Baba ya sani ya koma cikin akwatin nan mai ruwan toka.

Ita ma akwatin sai ta fara nata ciwon. In na kunna ta, zan dafa shayi in sha kafin ta farka. Can ciki wani abu yana ƙas-ƙas kamar ɓera a kwali, kuma kullum ƙorafinta ɗaya, wai wuri ya cika.

Akwai wani Bakano mai shagon gyaran rediyo da injin buga takardu a bakin kasuwa, wanda ya koyo aikin kwamfuta. Injiniya kowa ke ce masa. Ya kasa kunne a jikinta, ya ce, "Malama, abu biyu ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ta yi mata kaɗan. Sa'arki ɗaya, irin wadda ake zarewa ce. Sai faifan ajiya, shi ne rumbunta, ya cika kuma ya tsufa. In kin yarda in sa a kawo sababbi daga Kano, za ta yi gudun da ba ki taɓa gani ba."

Sati biyun da na yi ina jira, ba wanda ban dama da zancen ba. Har mai sayar mini da citta sai da ta ji labarin furosesa. Mama ce kaɗai ba ta taya ni murna ba. Tana gyaran gauta na gaya mata za a yi wa kwamfuta sabon rumbu, sai ta ajiye wuƙar.

"Maganan babanki yana cikin tsohon rumbun?"

Na ce e.

"Kin cire iri?"

A ƙauyenmu, in za a taɓa rumbu, ko yaɓe kawai za a yi masa, sai an fara ɗebe iri an zuba a tukunya, an toshe bakinta da toka, an kai wani ɗaki dabam. Na yi dariya na ce, "Mama, wannan ba acca ba ne, boko ne." Sai ta bi ni da idon nan nata har sai da na je na sayo disket biyar, waɗancan 'yan faya-fayan na roba. Na zauna a falonta ina kwafewa tana tsaye a kaina. Na cika huɗu, ina sa na biyar aka ɗauke wuta. Ta ce, "Ya gama?" Na ce ya gama. Ƙarya na yi mata, don na gaji. Abin da ya rage shi ne waƙoƙin sussukar acca, aikin ƙarshe da muka yi da Baba.

Ranar da kaya suka iso, da sassafe na isa shagon, tun yana share ƙofa. Ya shimfiɗa farin tawul, ya kifa kwamfutar, ya dinga kwance 'yan ƙananan kusoshi yana jera su a murfin gwangwanin madara. Da ya ɗaga madannan, na leƙa, na ga cikinta kore shar, ga ƙura ta yi kauri a kowane lungu. Ya zaro tsohuwar ƙwaƙwalwar a hankali, 'yar baƙa, faɗin biskit, ƙasanta cike da siraran ƙafafu. Na ce, "Wannan ɗan abin ne ya wahalar da ni shekara uku?" Ya ce, "'Yar abar dai, Malama." Kullum haka yake yi mini. Mu a nan Hausa aro muka yi, kuma da muka aro ba mu ɗauko "ita" da yawa ba. Mota shi ne, akuya shi ne, wani lokacin har amarya shi ne. A aji ina kiyayewa, amma in ina cikin ɗoki, bakin gidanmu ne ke fitowa.

Ya dasa sabuwar, ya danna ta da babban yatsa har ta zauna daram. Sannan ya zaro tsohon faifan, ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan ya cika da datti, ga ƙwayar cuta a ciki. Kin kwashe kayanki?" Na girgiza masa jakar disket na ce, "Ga su." A zuciyata na ɗauka ai shi ma zai juye komai daga tsoho zuwa sabo, tunda aikinsa ne. Ban faɗa ba.

Agogo ya nuna ina da aji. Na saɓi jaka, na sake kallon ƙurar nan ta cikin kwamfutar, abin ya dame ni. Daga bakin ƙofa na ce, "Injiniya, kafin in dawo ka wanke shi tas. Kar ka bar komai a cikinshi."

Ya ce, "Tas?"

Na ce, "Tas."

Ban san me na koyar ranar ba. Ana tashi na hau acaɓa. Ina shiga shagon, Injiniya ya ce in danna makunnin da kaina. Na danna, kafin in gyara zaman gyalena har ta buɗe. Babu ƙas-ƙas, babu nishi. Na kashe na sake kunnawa, na kashe na sake kunnawa, ina dariya ni kaɗai, har mai shayin gefe ya leƙo ya ga ko lafiya. Na buga suna na goge, haruffan suna fitowa tun kafin in ɗaga yatsa. Daɗin da na ji, tun ranar da na karɓi takardar kama aiki ban ji irinsa ba.

Sai na ce, "To, ina kalmomin Baba?"

Ya ce, "Suna jakarki mana. Tsohon faifan na wanke shi kamar yadda kika ce, har sau biyu."

A bakin masu wannan sana'a, wanke faifai shi ne a goge duk abin da ke kansa. Na ce, "Kwamfutan nake nufi! Ƙuran ciki!"

Ya cire gilashinsa. "Malama, kwamfuta ai ita ce. Faifai ne shi."

Na so in yi masifa, don a wannan fannin ba a bar ni a baya ba, amma wa zan yi wa? Bakina ne ya faɗa. Bawan Allah nan bai sake tsokanata ba. Ya jona tsohon faifan da babbar kwamfutarsa, ya yi ta laluba har la'asar. Disket huɗun nan suka shiga sabon rumbu lafiya lau. Daga waƙoƙin acca kuwa, abin da ya iya tonowa layi biyu ne kacal, a tsakiyar tarkacen alamomi.

Washegari Asabar na ɗauki kwamfutar na je gida. Baba yana kan kujerarsa a baranda. Na ja waya ta taga, na nuna masa yadda take gudu yanzu, ya yi murmushin ɓari ɗaya. Na fara karanta masa sunayen tsuntsaye yana gyaɗa kai. Na yi ta jan lokaci, amma daga ƙarshe ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar duka da sanda. Waƙar sussuka yake so.

Na rera layi biyun, waɗanda ke cewa accar bana ta fi ƙarfin tabarma, a kira 'yan matan ƙetaren rafi. Na tsaya. Ya jira. Leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita. Na sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka cika ni.

Daga kicin sai na ji an ɗauki layi na uku. Mama ce. Ta fito da ludayi a hannu tana rerawa, ta wuce na huɗu, ta wuce na biyar, Baba yana buga hannun kujera daidai inda sanda ke sauka. Na tsaya baki buɗe, sannan na farga na hau bugawa. Da tsohuwar ƙwaƙwalwar ce da tuni an bar ni a baya, amma wannan ta bi Mama taku da taku. Waƙa bakwai ta yi kafin miyarta ta fara kamawa, biyu a ciki ko Baba bai taɓa faɗa mini su ba.

Na ce, "Mama, dama kin iya?"

Ta ce, "Su maza dukan acca kawai suke yi. Wa kike tsammani yake ba da waƙan?"

"Shekara uku ina zuwa gidan nan, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kin tambaye ni?" Ta juya za ta koma kicin, sai ta tsaya ta nuna jakata da ludayin. "Wancan disket na biyar ɗin da kika ce ya gama, ciro shi. Yanzu akwai wuta."