Takardar da Idris Ya Bar Mini

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Idris. Ni kuwa ina nan Madina lafiya lau, ina aiki a wani kantin magani a Ƙuba.

Mu biyu ne maza wurin Inna, a Gadarif ta Sudan. Da yaƙin kudu ya tsananta aka shiga ɗibar samari soja dole, ɗa guda ake ɗaga wa ƙafa a gida, wanda ke riƙe da iyaye. Duk unguwa ta san Idris ne wannan ɗan. Daga ofishin ruwa na gwamnati, inda yake akawu, yake wucewa ya kai Inna asibiti. Ni kuma bizata ta Saudiyya ta fito, kuma ba a fita ƙasar sai da takardar da ke nuna an ɗaga wa mutum aikin soja.

Na same shi a ofis na gaya masa. Sai ya ce, "Yaya, sa sunanka a matsayin mai riƙe da Inna. Ma'aikatan gwamnati ba a taɓa mu." Na san ba haka ba ne, domin kujerun da ke kewaye da shi duk mata ne a kai, an kwashe mazan. Duk da haka na amince. Na rantse gaban jami'i cewa ni ke riƙe da Inna, na hau jirgi. Ba a yi shekara ba aka ɗauke shi, ko gawarsa ba a kawo ba.

Matarsa Nafisa aka bai wa kujerarsa. Yau ita ce shugabar sashen. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani, shi da ya koya mata buga tafireta da wasa.

Bara ta zo Umara, na ɗauko ta daga filin jirgi. A mota na fara kame-kamen neman gafara, ta tare ni.

"Yaya, halas, ya wuce. Ranar da na fara aiki na ga kwafin takardar rantsuwarka a aljihun teburinsa. Ban gaya wa Inna ba. Har ta rasu tana sa maka albarka."

Na kasa tuƙi, na gangara gefen titi.

Idris bai bar kabarin da za a ziyarta ba. Ya bar mace da ta fi shi iya aikinsa, da 'ya'ya mata biyu masu irin dariyarsa, da ni. A cikinmu ni kaɗai ne ban san ko zai so ya sake ganina ba. Allah ya jiƙan ka, Idris.