Ɗumamen Dakta Binta

Ban taɓa mantawa da safiyar da na fara ganin Dakta Binta ba. Tana durƙushe a gonar gwaji kusa da Maska, tana murza ƙasa da yatsu masu jan lalle. Nan take ta kwanta mini a rai. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Funtua, aikina kai wa manoma sabon iri. Ita kuwa masaniyar tsirrai ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen samar da dawar da ciyawar wuta-wuta ba ta iya kashewa.

Dawa ta yi kyau, zangarniya har tana rinjayar kara. Amma aka yi girbi, babu wanda ya karɓi irin. Shugabanmu ya ce in damina ta faɗi a haka, za a rufe gonar, a watsar da aikin.

Ni da Dakta muka je wurin mai unguwar ƙauyen da ke kusa da gonar. Dakta ta ce, "Ranka ya daɗe, laifin me dawata ta yi?"

"'Yata, ni na yaba. Amma uwargidana, Iya Lami, ta ce dawar boko ba ta kwana."

A ƙauyen, ba a shuka dawa sai mata sun ga tuwonta ya kwana, an yi ɗumame bai saki ba.

Dakta ta tuɓe farar rigar aiki, ta shiga cikin gida ta karɓi muciya don tuƙa tuwon dawarta. Daga zaure nake jiyo Iya Lami: "Likitar ciyawa, a hankali, kar a ƙona mini tukunya!" Ni kuwa ina shaƙar hayaƙi kamar ni ake girka wa.

Washegari da safe matan unguwa suka cika gidan don ɗanɗana ɗumamen. Namiji ba ya wuce zaure, sai na kasa kunne. Can sai guɗa ta tashi, Iya Lami ta leƙo, baki duk miyar kuka.

"Malamin gona! Ina irin? Auno mini kafin makwaɗaitan nan su wawashe!"

Ku yaran ofishinmu da ke saurarona, ku riƙe wannan: a aikinmu, tukunya ce ke ba iri izinin shiga gona.

Bayan shekaru, matan nan suka matsa wa Dakta ta tsaya takara. Ranar zaɓe sun riga maza kafa layi. Yau tana majalisar jiha, ita ke jagorantar kwamitin noma. Wani ta aura, ba ni ba, amma dawarta ce cike da rumbuna daga Dandume har Malumfashi.