Kiwin da Na Gani a Madadin Alhaji

Maigidana ne mai son tsuntsaye, ba ni ba. A gidanmu na Sabo, a Ibadan, yana da tantabaru a saman bene. In ya dawo daga rumfarsa ta albasa a Bodija, ko ruwa ba ya sha sai ya hau ya duba su. Ni kuwa kullum cikin mita nake, don suna ɓata mini shanya.

Da matar babban ɗanmu ta haihu a New Zealand, inda yake aikin asibiti, sai ya nema mana biza mu biyu. Aka ba ni, aka hana Alhaji. Ranar tafiya ya raka ni tashar motar Legas, ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, akwai wani tsuntsu can, kiwi. Ba ya tashi sama, sai dare yake fitowa. Ki gano mini shi."

Na ce to. A raina kuwa na ce wankan jego ne zai kai ni, ba kallon tsuntsu ba.

Sai dab da dawowata ɗan namu ya matsa mu je ganin tsuntsun. "Umma, kullum sai Baba ya tambaya." Muka bi wata mai gadin daji da jar fitilarta, mu da wasu baƙi. Ga sanyi, ga gwiwata na ciwo. Ina ta yi wa yaron raɗa mu koma, sai matar ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

Na fara jin shessheƙa kamar ta mai mura. Can sai ga shi ya fito daga cikin ganyaye, girmansa kamar kaza, jikinsa buzu-buzu, ba bindi, yana caka dogon bakinsa a ƙasa. Duk mutanen nan ya bar su, ya zo ya shinshina takalmina. Ni da aka jawo da ƙyar! Hawaye suka zubo mini, don na san wanda ya kamata ya tsaya a wurin.

Muna shiga mota na kira Alhaji. A Ibadan hantsi ne, ina jiyo wata mata tana yi masa ciniki da Yarbanci, ya ce ta dakata.

"Kin gan shi? Yatsun ƙafarsa nawa? Yana da fiffike ko kaɗan?"

"Wallahi ban duba ba, Alhaji."

Ya ce, "Ba komai. To, yaya yake tafiya?"

Hoton da yaron ya ɗauka ma duhu ne kawai. Yanzu duk baƙon da ya zo gidanmu sai Alhaji ya kira ni in ba da labarin, shi ma ya gyara zama. Ina bayarwa, amma har yau ji nake kamar na cinye masa rabonsa.