Hoton da na ƙi sa wa suna

Shekarun ƙarfina duka a ƙofar ciki ta kwalejin mata na ƙarar da su, tun tana gidan haya mai hawa biyu. Farrasha ce ni. Ina shara, ina dafa shayi, ina karɓar abayoyin ɗalibai in rataye. In an tashi, mai gadi ya kira suna daga waje cewa uban wance ya iso, ni kuma in ɗaga murya in kai kiran har aji na ƙarshe. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu ɗaliba ko malamar da ban san sunanta har na kakanta ba.

Akwai wata mushrifa, mai kula da mu ma'aikata. Ranar da aka buɗe babbar rajistar ma'aikata, magatakardiya ta sa sunana a ƙasan shafi ta nuna mini. Ban iya karatu ba, amma na haddace kamanninsa kamar fuskar ɗa. Mushrifa ta shigo, ta duba, ta ɗauki jan biro ta ja masa layi, ina tsaye da farantin shayinta.

"Mai tsintsiya ba ma'aikaciya ba ce," in ji ta. "Abin da ba ya cikin rajista, babu shi. Halas, magana ta ƙare."

Na ajiye mata shayin. Ban zubar da ko ɗigo ba.

Bara wata mata ta sallama a gidana a unguwar Waziriyya, da kwali a hannu. Ma'aikaciyar kwalejin ce, jikar Hausawanmu mazauna ƙasar Larabawa, na unguwar Mahjar, Hausarta tana ɗingishi. Ta ce ruwan sama ya taɓa shiga ɗakin ajiyarsu ya cinye rubutun tsofaffin fayiloli, ƙananan hotuna kawai suka tsira. Za su yi littafin mutanen farko, sun yi ta tambaya, kowa ya ce sai ni zan gane masu hotunan.

"Khala," in ji ta, wato inna, "don Allah ki taimaka mana."

"Zauna, 'yata. Fara rubuta sunana."

Ta rubuta. Na ce ta juyo mini takardar. Shi ne, da jelarsa da ɗigonsa.

Muka fara. Wannan 'yar mai sayar da turare ce, kullum a makare. Wannan malamar lissafi ce, ba ta shan sukari. Wannan ita ta suma ranar jarrabawa, na yi mata fifita da murfin kwali. Tana rubutu tana dariya, har la'asar.

Sai ta ɗago wani hoto. Siririn hancin nan na mushrifa, da leɓen da ba ya buɗewa sai don tsawa. Ta daɗe da barin ƙasar, waɗanda suka yi aiki da ita kuwa ƙasa ta rufe yawancinsu.

"Wannan fa, Khala?"

"Duba rajista."

"Ai rajistar ta lalace."

"To, abin da ba ya cikin rajista, babu shi."

Ta zuba mini ido. "Ba ki san ta ba?"

"Ba na ƙarya da furfurata. Na san ta, na san ubanta. Yalla, maza kawo na gaba."

Da littafin ya fito ta kawo mini. Ta nuna mini sunana, sannan na sa ta nemo shafin matar nan ta karanta abin da ke ƙasan hoton. Kalma ɗaya ce, majhula, wato ba a san ta ba. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Sannan na tashi na ɗora mana shayi.