Lallen Da Ban Sa Ba

Maigidana ya rasu saura kwana arba'in da 'yan kai a yi zaɓe. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa kudu. Shekara goma sha biyar ina tsoron a kawo mini labarinsa daga hanya, sai ga shi zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi a kan gadonsa, a gidanmu na Gumel. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwalli, ba turare, ba lalle.

Mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna, ta zo daga ƙauyensu da ke bayan Sule Tankarkar ta zauna da ni har aka yi sadakar arba'in. Ni dai ban san wahalar uwar miji da mata suke faɗa ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan ɗanta ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "'yata", kuma idan muka saɓa da shi, shi ne yake shan faɗa ko da ni ce da laifi, wanda sau da yawa ni ce. Da hannunta ta tattara tandun kwallina da kwalaben turarena da ƙullin lallena ta zuba a kwalla, ta sa aka ɗora mata a saman kwaba. Ranar da za ta koma ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce ta bar mini amanar ɗanta, in riƙe masa kwanakin nan da kyau. Na ce mata in Allah ya yarda ko zaure ba zan leƙa ba.

Katin zaɓena kuwa ba ya hannuna, na ma manta da shi. Tun maigidana yana da rai shugabar matan jam'iyya ta mazaɓarmu ta bi gida gida ta karɓi katunan mata, wai za a rubuta sunayen waɗanda za a ba keken ɗinki. Mace ce mai faram-faram, ba ta shiga gida sai ta goyi ɗan wani, kuma kowa "ƙanwata" ce a bakinta. Na miƙa mata nawa hannuna duk kumfar sabulu. Keke bai zo ba, kati bai dawo ba, sannan mutuwa ta shigo ta share komai daga kaina.

Ranar zaɓe ina tsakar gida ina tankaɗen garin gero. Ina jin 'yan adaidaita sahu suna ta jigilar mata zuwa firamaren unguwarmu inda akwatinmu yake, ina jin ana ta shewa. Ban ji ko ɗar ba don ban je ba. Wanda zai ci ya ci, ni miji na rasa.

A wancan zaɓen na'urar tantancewa yatsa kawai take karantawa. Idan ta ƙi karɓar yatsan mutum, sai a cike masa wata takarda, a rubuta dalili, a ba shi ƙuri'a ya jefa. Kuma gaskiya ne lalle yana rikita na'urar, musamman in ya kama sosai. Wannan ƙofar shugabar mata ta samu. Katunan da ta tara ta raba wa waɗansu mata da aka ɗebo daga wani wuri, kowacce ta zumbula dogon hijabi ta ja shi har kan hanci. Duk wadda ta miƙa yatsa na'ura ta ƙi, sai a rubuta "lalle", ta wuce. Ni ma, ashe, na wuce.

Ban san na yi zaɓe ba sai bayan sati guda. Maƙwabciyata da muke katanga ɗaya ta shigo ba ko sallama mai kyau, ta zauna a kan turmi ta ba ni labari. Waɗanda suka faɗi zaɓen sun ƙi yarda da akwatinmu, suka tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa, wakilinsu ya fito da sunayen matan da aka ce lalle ya hana na'ura karɓarsu yana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan sunana sai aka fara kallon juna, don duk wanda ke wurin ya bi gawar mijina. Wani dattijo ya ce wannan ai takaba take yi.

A nan ne shugabar mata, wadda ita ma tana wurin, ta samu zaɓi. Tana iya cewa kuskure aka yi, tana iya yin shiru. Sai ta gyara mayafi ta ce da idonta ta gan ni, na zo da hantsi na lulluɓe fuska don kada a gane ni, hannuna ya sha lalle har farce. Ta rantse da Allah, ta ce in ana so a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ba wanda ya kawo, don an ɗauka wadda ta nemi a kawo ba ta da abin tsoro.

Da ta ce na fita kawai, da sauƙi, malamai ma sun ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama. Amma lalle fa? Mace ta zauna ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa, ta kwana da shi, kabarin mijinta ko bushewa bai gama yi ba. Ba ɓarauniyar ƙuri'a kawai aka mai da ni ba, an mai da ni matar da take jiran mijinta ya mutu. Na ji kamar in fita da taɓarya, kuma da ba takabar ce ta ɗaure ni ba, wallahi da an ji mu a ofishin 'yan sanda.

Na nuna wa maƙwabciyar tawa hannuwana. Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san lalle yana barin fata cikin sati biyu, amma ba ya barin farce sai farcen ya tsiro ya ture shi, a yi wata da watanni ana yankewa kaɗan kaɗan. Faratan nawa goma farare tas suke. Matan unguwa suka riƙa shigowa da sunan gaisuwa, idonsu a kan hannuna, ni kuma in baje musu shi a kan cinya su kalla su ƙoshi. Waɗanda suka shigo sun yarda. Amma ba su ne damuwata ba.

Ranar Alhamis mutanen ƙauyen su Inna suke cin kasuwar Maigatari, kuma duk abin da aka faɗa a Gumel a satin, a motar yamma yake komawa da su. Tun da ta tafi, duk Alhamis sai ta aiko mini da wani abu, ko kuka, ko daddawa, ko ɗan man shanu a kwalba. Alhamis ɗin da ta biyo ba a kawo komai ba. Ta gaba ma haka. Na kira wayar ƙanin maigidana na ce ya ba ta, ya ce tana barci, da ƙarfe goma na safe. Na aika a roƙe ta ta zo ta ga hannuna da idonta, aka ce ƙafarta na ciwo.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Ba yadda zan je in nuna mata ban fita ba sai na fita. Ina zaune a ɗaki da shaidata a jikin yatsuna, kuma kullum shaidar tana tsirowa tana neman a yanke ta. Sai na ajiye reza. Na ce ba zan yanke ko ɗaya ba har in gama, kada wani ya ce na yanke inda lallen yake. Wata biyu da rabi na yi haka. Farata suka yi zaƙo-zaƙo, in na zo tuƙa tuwo su dame ni, in na zo wanki in bi a hankali kada ɗaya ya karye. 'Ya'yana har tsoron in yi musu susa suke.

Ranar da na fita takaba, ban tsaya karɓar barka ba. Na yi wanka na hau mota zuwa Sule Tankarkar, daga nan na hau babur zuwa ƙauyen. Na sami Inna a gindin darbejiyar gidanta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai talla. Na miƙa mata hannuwana biyu na ce, "Inna, duba. Tun ranar da aka yi maganar ban yanke ba. Da na sa lalle da yana nan."

Ta kama su ta juya, ta duba ɗaya bayan ɗaya har ɗan ƙaramin. Idonta garau yake, ta fi ni sanin lalle, ita ta yi mini ƙunshin haihuwata ta fari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sake su a hankali.

"Na gani," ta ce. "To amma ai ta rantse."

Shi ke nan abin da ta faɗa. A duniyar Inna mutum ba ya kiran sunan Allah a gaban jama'a a kan ƙarya, abin ba ya shiga kanta. Ya fi mata sauƙi ta ƙaryata idonta da ta yarda akwai mai iya haka. Ta sa aka kawo mini fura, ta tambayi yara, ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba. A damina ta biyu bayan nan ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ban sake jin "'yata" daga bakinta ba.

Na yi kuka a kan babur har bakin titi, amma kafin in iso Gumel hawayen sun bushe, wani abu ya maye wurinsu. Katin nawa na aika aka karɓo mini daga wurin shugabar mata, ta ba da shi a naɗe cikin atamfa mai hoton ɗan takararsu. Na cire katin, atamfar na yi tsumman goge murhu da ita.

Da zaɓe ya sake zagayowa na je wurin abokan hamayyarta na ce su sa ni wakiliyarsu a akwatin firamare. Suka fara yi mini bayanin manufofinsu, na ce su bar shi, ba don su na zo ba. An kawo sabuwar na'ura mai ɗaukar fuska in yatsa ya ƙi, amma na'ura ba ta hana mai hali neman wata ƙofa. Tun kafin ma'aikatan zaɓe su gama jera tebur ina wurin da kujerata. Matan unguwar nan kaf na san su, na san wadda ta yi aure ta koma Gagarawa, na san wadda ta rasu. Duk wadda ta matso da hijabi a kan hanci sai in gaishe ta da ƙarfi in ce ta buɗe mu gaisa sosai. Uku suka juya tun daga layi suka shige adaidaita. Da wata tsohuwa ta zo wadda ba ta gani sosai, shugabar mata ta taso za ta raka ta wurin dangwalawa, na ce jikarta tana nan, ita za ta raka ta. Ko salla sai da na sa wata ta zauna mini a kujerar. Da la'asar aka ƙirga a gaban kowa, akwatin da take tinƙaho da shi ya kuɓuce mata. Ta dube ni, na dube ta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai dai Inna ba ta nan balle a kai mata labari ranar Alhamis.

Bara jam'iyyarsu ta ba ta kujerar Makka. Kamar yadda maniyyata suke yi, ta bi gidajen unguwa tana sallama tana neman gafara. Na san za ta zo, don maƙwabciyata tana kawo mini rahoton gidan da ta kai. Saura kwana biyu ta iso layinmu na sauke kwallar nan daga saman kwaba. Lallen da Inna ta ƙulle ya daɗe da mutuwa, sai na sayi sabo na haɗa da shi, na kwaɓa, na ƙunsa har wuyan hannu. Ya kama ya yi jawur.

Ta shigo da fara'arta, ta zauna a tabarma, ta ce, "Ƙanwata, zan tafi ɗakin Allah. Zaman tare ba a rasa saɓani. Duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Na ce wanda ba ta sani ba na yafe. Wanda ta sani kuwa, ta fara zuwa ƙofar gidan mai unguwa, inda ta rantse, ta tara mutanen da ta tara, ta faɗi abin da ta yi. Ta yi 'yar dariya ta ce haba, wannan ai harkar siyasa ce, ta wuce, kowa ya manta. Na ce akwai wadda ba ta manta ba har ta mutu, kuma ko ta je ƙofar mai unguwa yau, waccan ba za ta ji ba.

Na baje mata hannuwana a kan cinya, kamar yadda na baje wa matan unguwa a wancan lokaci.

"Ga lallen da kika ce kin gani," na ce. "Yau kin gan shi, kya iya rantsewa. Amma ban yafe ba."

Ta tashi tana laluben takalminta, ta saka ɗaya a juye. Ta je Makka ta dawo lafiya, yanzu Hajiya ake ce mata, har dabino ta aiko mini, na mai da mata abinta a ledarsa. Malamar islamiyyarmu ta yi mini nasiha sau biyu a kan falalar yafiya, na saurara da ladabi, kuma na san gaskiya ta faɗa. Wataƙila wata rana. Katina dai yana cikin kwallar nan tare da tandun kwallin da Inna ta ajiye, ba mai sake taɓa shi sai ni.