Sauron da Ke Cikin Waƙar Inna

A layin masu gyara, in ka tambayi sunansa na yanka sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Kunne, ko mai sayar da batir na bakin kwana zai nuna maka shagon. Tsakanin tela da mai walda yake, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, da wani tebur mai ƙonannen baki inda ƙarfen dalma ya shekara arba'in yana kwanciya. Sunan kuwa ba a banza ya same shi ba. Mutum zai shigo rungume da rediyo ko amfilifaya, bai gama sallama ba Kunne zai ce, "Kunna." Ya karkatar da kai, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga, sannan ya ce, "Kwandansa ce, ta biyu daga taransifoma." A buɗe, a tarar da ita, 'yar abar nan mai tara wuta, ta kumbura. Sauran masu gyara sai sun gama yawo da mita suke isa inda shi ya fara.

Ya san ya iya, kuma bai taɓa ganin dalilin ɓoyewa ba. Kalma ɗaya ce ba a taɓa ji a bakinsa ba tun yana saurayi, ita ce "ban ji ba."

A gida akwai mai ɗakinsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Mace ce marar hayaniya, amma in ta faɗi magana ba ta janyewa. Abin da ta fi ƙauna a gidan nan wani tsohon kaset ne. Kunne ne ya ɗauke shi da hannunsa shekarar da aka haifi 'yar farinsu: mahaifiyar Malama, wadda suke kira Inna, tana rarrashin jaririyar da waƙa. Inna ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Kullum bayan la'asar Malama kan zauna a kujerar kusa da taga, ta saka kaset ɗin, ta ji muryar uwarta na minti huɗu, sannan ta tashi ta ci gaba da hidimarta.

Jaririyar nan yanzu nas ce a asibiti, kuma ita ce ta lura zaren kaset ɗin ya fara lanƙwashewa. Ta kwashe kaf kaset-kaset ɗin gidan, ta sa aka juye su cikin wata 'yar kwamfuta da ba ta fi ƙaramin littafi girma ba. Aka ajiye ta cikin kabad ɗin falo, aka haɗa ta da amfilifayar da Kunne ya ƙera da kansa, in kana son waƙa sai ka taɓa wayarka kawai. Allah ya sa an yi da wuri, don bayan sati biyu zaren ya tsinke, ya nannaɗe a cikin rediyo. Muryar Inna ba ta da sauran wurin zama a duniya sai cikin wannan 'yar kwamfutar.

Ranar farko da Malama ta kunna waƙar a kwamfutar, ba ta kai rabi ba ta yamutsa fuska.

"Maigida, akwai sauro a cikin waƙar nan."

Kunne ya taso, ya karkatar da kai, ya lumshe ido. Ya ji muryar Inna fes. "Tsaf take," in ji shi.

"Ni dai ina jin wani siririn kuka, kamar ana soka min allura a kunne."

"Malama, shekara arba'in ina wannan aiki. In da sauro a ciki, da ni zai fara cizo."

Ta gwada washegari, ta sake gwadawa jibi, kanta ya ɗauki ciwo, daga nan ta daina. La'asar ta riƙa zuwa tana wucewa falon shiru. Malama na zama a kujerar nan dai, hannu a cinya, tana kallon titi. Kunne ya yi kamar bai gani ba har kwana goma sha tara, don wanzami ba ya son jarfa. Amma shirun ya dame shi ƙwarai. Shi ya ba ta muryar nan tun farko, ga shi yanzu a gidan mai gyara aka rasa ta.

Ran kwana na ashirin ya kwashi kwamfutar da amfilifayar ya kai shago, da niyyar ya tabbatar wa kansa cewa shi ke da gaskiya. Ya haɗa, ya kunna, ya ƙara murya. Sai ga tela ya leƙo, almakashi a hannu.

"Baba Kunne, mene ne ke tsiwa haka? Har cikin haƙorina nake jin sa."

Kunne ya dube shi ya daɗe. Da telan ya koma, ya jawo wata tsohuwar na'urar gwajin sauti daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙurarta. Aikinta ɗaya ne, ta yi kuka, kana murɗa maɓalli kukan yana ƙara sirancewa. Ya fara murɗawa a hankali. Yana ji, yana ji, sai ɗif, kukan ya ɗauke. Allurar mita kuwa tana nan tsaye, lasifika tana aiki, tela yana bugun bango yana cewa a ji tausayinsa. Maɓallin ko rabi bai wuce ba.

Abin ya yi masa zafi, ba sai an faɗa ba. Shekaru da injin mai walda sun ci saman kunnensa a ɓoye, suka bar masa ƙasan, shi ya sa har yanzu yake kama gurnanin kwandansa amma siririn kuka ya fi ƙarfinsa. Ya zauna kamar minti biyar. Sannan ya miƙe, don shi ba mutumin zaman makoki ba ne. Jin kunnensa ya ragu, amma abin da ke cikin ka yana nan daram.

Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan adaftar kwamfutar, wata 'yar baƙar aba marar nauyi kamar akwatin ashana. Ya san irinta sarai. Ita ba ta sauke wuta a hankali, sara ta take yi gunduwa-gunduwa, sau dubbai a cikin ƙiftawar ido, kuma ɓurɓushin saran nan yakan bi waya ya shiga amfilifaya. Ga wayar hannu ba laifi. Ga muryar tsohuwa mai rarrashin jariri, ɓarna ce.

"To, za ki ci wuta irin ta da," ya ce wa kwamfutar.

Kwana uku ya yi a kai. Ya ciro taransifoma daga cikin wata matacciyar amfilifaya, ƙarfe da tagulla zalla, mai nauyin da in ya faɗo maka a ƙafa sai an kai ka wurin 'yarsa. Ya jera diyod huɗu masu miƙar da wutar, ya dasa manyan kwandansa biyu don su kwantar da wutar kamar yadda randa ke kwantar da ruwa, ya sa abin daidaita ƙarfinta a kan faffaɗan alminiyam saboda zafi, ya sa fis. Bai yarda ya haɗa da kwamfutar kai tsaye ba, ai muryar Inna ba abin gwaji ba ce. Ƙwan fitilar mota ya ɗaura mata, ya bar shi yana ci yini guda, yana duba mita. Bolt goma sha biyu, ba ƙari ba ragi. Kan wayar ma sau uku ya auna kafin ya yarda bai juya ta ba.

Ranar da ya kawo akwatin wutar da ya haɗa gida, nas ɗin ta zo gaishe su. Ta gwada ɗagawa, ta sauke da sauri.

"Baba, mutane suna rage kaya, kai kana ƙarawa? Wannan ai ka mai da mu baya shekara talatin. Ga zafi, ga cin wuta."

"Ta ci," in ji shi. "Abin da zai yi shiru dole ya yi nauyi. Dubi uwarki, dubi ke."

Malama ta harare shi, amma murmushi ya kuɓuce mata.

Ya durƙusa bayan kabad da adafta a hannu ɗaya, sabuwar waya a ɗayan. "Malama, juya kujerarki ki ba ni baya. Zan kunna sau da yawa, ba zan gaya miki wacce na sa ba. Ke za ki faɗa min."

"Ni? Yau kuma ni ce mai gyaran?"

"Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ya sa tsohuwar. Ana ta jiran kwamfuta ta farka, sannan Inna ta fara. "Sauro," in ji Malama nan take. Ya kashe, ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule kamar yana canzawa, ya mai da tsohuwar dai. "Yana nan. Kada ka yi min wayo." 'Yar ta tuntsire da dariya. Karo na uku ya sa tasa.

Muryar Inna ta cika falon. A kunnen Kunne babu wani bambanci ko na anini, don haka bayan matarsa ya zuba wa ido. Ya ga kafaɗunta sun sauka.

"Ya tafi," ta ce a hankali. Can kuma ta ɗaga yatsa. "Tsaya. Awarwaronta! Tana bubbuga bayan yarinyar, suna kaɗawa. Tun da aka juye waƙar ban ƙara jin su ba, ashe sauron ne ya rufe su. Ka ji?"

Ya karkatar da kai. Ya lumshe ido. Ya tuna awarwaron sarai, siraran azurfa guda uku, ya tuna har yadda ya matsar da makirfo kusa da hannun Inna ranar. Amma daga lasifikar babu abin da ya iso masa sai murya. 'Yarsa na kallonsa, matarsa na jira, kuma da ya ce "na ji" babu mai kama shi.

"Ban ji ba, Malama," ya ce. "Sauron ma ban taɓa jin sa ba. Ke ce da gaskiya tun ranar farko."

Ta juyo ta dube shi yana durƙushe a bayan kabad, ƙura a gwiwa, ƙunar dalma a yatsa. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake tana da ikon faɗar hakan. Tashi ta yi ta shiga ɗaki, aka ji ta buɗe akwati. Ta fito da awarwaro uku a hannunta, waɗanda ta gada, ta ce wa 'yar ta mai da waƙar farko.

Inna ta sake ɗaukar waƙa. Malama ta sunkuya, ta kai hannunta dab da kunnen mijinta, ta riƙa kaɗa su daidai inda uwarta ke kaɗawa.

"Yanzu fa?"

"Yanzu na ji," in ji Kunne. "Kada ki tsaya."